Asalin Monita: Tarihin 'Yan Makarantar da Suka Koyar da 'Yan'uwansu

Da wuya a shiga wani aji a makarantun boko na ƙasar Hausa, tun daga na ƙanana har zuwa sakandare, ba a tarar da yaron da a ke kira monita ba. Aikinsa sananne ne. Shi ne mai goge allo, mai ɗauko alli daga ofis, mai tattara littattafai ya kai wa malami, shi ne kuma mai rubuta sunayen masu surutu in malami ya fita. Amma kaɗan ne daga cikin monitocin nan suka san cewa kakansu na fari malami ne sosai, ba ɗan aike ba. Yau fiye da shekara ɗari biyu ke nan da aka yi wani zamani a Ingila da waɗansu ƙasashe masu yawa, wanda yara ne ke koya wa yara karatu, babban malami guda ɗaya kuwa yana tsaye bisa dakali yana duba ɗaruruwansu. Yadda wannan tsari ya tashi, ya bunƙasa, ya faɗi, sa'an nan ya komo da wata kama, labari ne da ya cancanci a sani, domin abin da ya haife shi, watau yawan ɗalibai da ƙarancin malamai, har yanzu bai gushe ba.

Kafin zuwan monita

Sa ɗalibi ya koya wa ɗan'uwansa ba sabon abu ba ne a duniya. A makarantar allo ta ƙasar Hausa, malami ɗaya ba ya iya biya wa almajirai hamsin ko sittin karatu shi kaɗai da hantsi guda. Sabo da haka gardawa ne ke zama da ƙolawa, su rubuta musu allo, su biya musu, su saurari haddarsu, malam kuwa yana gefe yana jin kowa, in an yi kure ya gyara. A manyan makarantun ƙasashen Larabawa kuma, irin su Nizamiyya ta Bagadaza wadda aka buɗe a 1067, akwai wani muƙami da a ke kira mu'idi, watau mai maimaitawa. Ɗalibi ne da ya yi nisa, wanda in shehi ya gama darasi ya tashi, sai shi ya zauna da sauran ya sake bi da su, ya warware musu abin da ya shige musu duhu.

A ƙasar Turai ma haka. Wani malami Bajamushe, Johann Sturm, ya buɗe babbar makaranta a birnin Strasbourg a 1538, ya rarraba ko wane aji goma goma, ya ɗora ɗalibi guda bisa ko wace goma. Limaman Katolika na ɗariƙar Jesuit suka ɗauki wannan dabara suka shigar da ita cikin dokar kwalejojinsu ta 1599, inda shugaban goma ke sauraron haddar 'yan'uwansa da safe kafin malami ya fara sabon darasi. Comenius, mashahurin malamin nan na ƙasar Cek, har ya rubuta cikin babban littafinsa da aka buga a 1657 cewa da irin wannan tsari malami ɗaya zai iya riƙe ɗalibai ɗaruruwa. To, amma a duk wuraren nan ɗalibi mataimaki ne kurum. Malami ne ke ba da karatu, ɗalibi ya maimaita. Wanda ya fara juya al'amarin, ya mai da yaro shi ne malamin aji, wani limamin Kirista ne mutumin Sikotland, ana ce da shi Andrew Bell.

Bell da marayun Madras

An haifi Bell a garin St Andrews a 1753. Ya sauka Indiya a 1787, bayan shekara biyu kuma aka ba shi riƙon wani gidan marayu a Madras, birnin da a ke kira Chennai yanzu. Yaran gidan 'ya'yan sojan Ingila ne, mafi yawansu uwayensu mata 'yan ƙasa ne. Malaman da ya tarar kuwa ba su da ilmi mai zurfi, albashinsu kaɗan, ba su kuma da sha'awar aikin. Yara sai su yi wata da watanni ba su gane baƙaƙe ba.

Ran nan Bell ya fita kilisa da safe, sai ya wuce wata makarantar 'yan ƙasa, ya ga yara zaune suna rubuta baƙaƙe da yatsa bisa rairayin da aka shimfiɗa a gabansu. Abin ya ba shi sha'awa ƙwarai. Da komowarsa gida ya umurci malamin ƙaramin aji ya riƙa koyarwa haka. Malamin ya ga abin ƙasƙanci ne, ya yi ta noƙewa, daga baya ya ce ba shi yiwuwa. Bell bai yi gardama da shi ba, sai ya kira wani yaro ɗan shekara takwas mai suna John Frisken, ya ba shi faifan rairayi, ya ce ya koya wa ƙananan baƙaƙe. Ba a jima ba yaran suka iya abin da ya gagari malaminsu koya musu.

Ganin haka Bell ya bi sauran azuzuwa ɗaya ɗaya ya ɗora yara bisansu. Ko wane aji yana da yaro malami da mataimakinsa, cikin aji kuma a kan haɗa mai ƙoƙari da mai rauni su zauna tare, ɗaya ya riƙa jan ɗaya. Kafin ya bar Indiya a 1796 sabo da rashin lafiya, yara wajen ɗari biyu ne a gidan, kusan dukan koyarwar kuwa tana hannun 'yan'uwansu. A 1797 ya buga wani ɗan littafi a London yana bayyana abin da ya gwada. Da fari mutane ƙalilan ne suka kula da shi.

Lancaster da makarantar yara dubu

A wannan lokaci Ingila tana cikin wani hali. Masaƙu da ma'aikatu sun jawo talakawa daga ƙauyuka zuwa birane, 'ya'yansu sun cika tituna, gwamnati kuwa ba ta da makaranta ko ɗaya dominsu, ba ta kuma ba da ko anini don karatunsu. A unguwar Southwark, kudu da kogin London, akwai wani saurayi ɗan talakawa, Joseph Lancaster, wanda aka haifa a 1778, mabiyin ɗariƙar Kirista da a ke kira Quaker. A 1798 ya fara tara yaran unguwa yana koya musu a gidan ubansa. Mai kuɗi ya biya kaɗan, marar kuɗi ya shigo kyauta. Nan da nan yara suka yi masa yawa, ba shi kuwa da abin ɗaukar mataimaki. A 1801 ya koma wani babban ɗaki a titin Borough, ya shiga sa manyan yara su koya wa ƙanana. Waɗannan su ne ya kira monita, daga wata kalmar Latin mai ma'anar mai gargaɗi ko mai tunasarwa.

Makarantar Lancaster abin kallo ce. Ɗaki ne guda dogo, an jera bencina a tsakiya, an bar fili a gefe. Ko wane monita yana da yara wajen goma. Da sassafe malami ya koya wa monitoci darasin yini, sa'an nan ko wanne ya ja yaransa zuwa jikin bango, su tsaya kamar rabin da'ira gaban wata babbar takarda da aka rataya. Takardar nan ita ce littafin dukansu, sabo da haka littafi guda ya ishi makaranta duka. 'Yan fari suna rubutu bisa tebur mai rairayi, na gaba da su bisa allon dutse, takarda da tawada sai manya. Wanda ya amsa daidai ya hau gaban wanda ya kasa. Ban da monitocin karatu akwai mai kiran suna, da mai bin sawun waɗanda ba su zo ba, da mai lura da alluna, da mai ja wa takardu layi, bisansu duka kuma ga babban monita. Kome da umurni a ke yinsa kamar fareti, har cire hula da goge allo.

Lancaster ba ya bulala. Mai ƙoƙari a kan ba shi tikiti, in ya tara da yawa ya musanya da abin wasa ko littafi. Mai laifi kuwa kunyata shi a ke yi: a rataya masa gungume a wuya, ko a sa masa mari na itace ya zaga ɗaki, ko kuwa, in abin ya yi tsanani, a sa shi cikin kwando a ja shi sama ya yi ta reto 'yan'uwansa suna kallo. Yara suka ƙaru har suka kai wajen dubu, malami kuwa ɗaya. Kuɗin karatun yaro na shekara guda bai wuce 'yan sulalla ba. Wannan arahar ita ce ta ja hankalin manya. A 1803 ya buga littafinsa, a 1805 kuma Sarki George na Uku ya gana da shi a garin Weymouth, ya yi alkawarin ba da gudummawa ko wace shekara, ya ce burinsa ko wane ɗan talaka a mulkinsa ya iya karanta Littafi Mai Tsarki.

Rigimar mutum biyu

Da fari Bell da Lancaster suna ganin girman juna, har Lancaster ya kai wa Bell ziyara a ƙarshen 1804. Abin da ya raba su addini ne. A makarantar Lancaster ana karanta Littafi Mai Tsarki, amma ba a koyar da aƙidar ko wace ɗariƙa. Manyan Cocin Ingila suka ga in aka bar wannan ya yaɗu, 'ya'yan talakawa za su tashi ba su san cocin gwamnati ba. Wata marubuciya, Sarah Trimmer, ta fito a 1805 ta ce Lancaster satar dabarar Bell ya yi, makarantunsa kuma hatsari ne ga addini. Daga nan ƙasa ta rabu biyu. Abokan Lancaster suka kafa ƙungiya a 1808, suka biya masa bashin da ya ci, ita ce aka sāke wa suna a 1814 ta zama ƙungiyar makarantun Birtaniya da ƙasashen waje. 'Yan coci kuma suka kafa tasu a 1811, suka ba Bell jagorancin makarantunta.

Gasar nan, ko da ya ke ta haddasa ƙiyayya, ta cika Ingila da makarantu. Duk garin da ɗaya ƙungiyar ta gina, sai ɗayar ta yi ƙoƙarin gina tata. Sa'ad da Majalisar Ingila ta fara ba da kuɗin ilmi a 1833, fam 20,000 ne, ta hannun ƙungiyoyin nan biyu aka raba su don gine-gine.

Tsarin bai tsaya Ingila ba. An buɗe makaranta irin ta Lancaster a New York a 1806. A Faransa an kafa ƙungiyar yaɗa shi a 1815, a Meziko a 1822. Afirka ta Yamma ma ya iso, domin a 1817 wani malami Bafaranshe, Jean Dard, ya buɗe irin wannan makaranta a Saint-Louis ta ƙasar Senegal. Da ya ga yaran ba su jin Faransanci, sai ya koyi Wolof, ya fara koya musu karatu da harshensu, har daga baya ya wallafa ƙamus da nahawun harshen.

Ƙarshen mutanen biyu ya bambanta. Bell ya rasu a 1832 da dukiya mai yawa, wadda ya bar mafi yawanta don ilmi, aka binne shi a Westminster Abbey inda a ke binne manyan Ingila. Makarantar sakandare da aka gina da kuɗinsa a garinsu tana nan har yau da sunan Madras. Lancaster kuwa hannunsa ba ya riƙe kuɗi, ya ɓata da abokansa, ya bar Ingila a 1818 ya tafi Amurka. Daga baya ya je Karakas bisa gayyatar Simon Bolivar, can ma ba a rabu da daɗi ba. A 1838 keken doki ya banke shi a wani titin New York, ya mutu matalauci.

Gwaji a makarantun sakandare biyu

Duk abin da aka ambata a baya karatun fari ne, watau baƙaƙe da haɗa su da ɗan lissafi. Tambayar da ta rage ita ce ko tsarin zai yi aiki a manyan makarantu, inda samari ke koyon Latin da Girkanci da labarin ƙasa. Makarantu biyu suka gwada kusan lokaci guda, sakamakonsu kuwa ya sha bamban.

Ta fari ita ce babbar makarantar birnin Edinbara. A 1810 aka naɗa James Pillans shugabanta. Bisa al'adar makarantar, shugaba shi ke koyar da babban aji da kansa, ajin kuwa ya fi yaro ɗari. In yana sauraron fassarar yaro guda, sauran sai su zauna ba abin yi, masu barci na yi, masu wasa na yi. Pillans ya rarraba su ƙungiya ƙungiya, ya ɗora mafi ƙoƙari bisa ko wace ƙungiya, su bi darasi tare kowa ya sami damar buɗe baki. Amma bai sakar musu aji ba. Shi ne ke ba da sabon karatu, yana zagawa sa'ad da ƙungiyoyi ke aiki, in sun gama kuma dukansu su komo gabansa ya yi musu tambayoyi da kansa. Monita kuwa ba gadon kujera ya yi ba, in ya yi sakaci wani ya hau. Cikin shekara goma da Pillans ya yi, ajinsa ya ninka, sunan makarantar ya kai nesa, a 1820 kuma aka ba shi kujerar farfesa a jami'ar birnin. Shi ne kuma a kan danganta wa fara amfani da babban allo da alli mai launi wajen koyar da labarin ƙasa.

Ta biyu ita ce Charterhouse, tsohuwar makarantar 'ya'yan manya da ke cikin London a lokacin. A 1811 aka ba wani saurayi mai kaifin ƙwaƙwalwa, John Russell, shugabancinta, ya shigo da tsarin Bell. Shi kuwa sai ya miƙa ƙananan azuzuwa ga manyan ɗalibai, su ne malamai, su ne masu horo. Da ya ke ba a bukatar malamai da yawa, makarantar ta yi araha, iyaye suka yi ta kawo 'ya'yansu. A 1825 ɗalibai sun kai 480, malamai kuwa ba su kai goma ba. To, in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Yaron da shi kansa bai gama gane nahawun Latin ba, shi aka sa ya koya wa aji guda, yaran ajin kuwa ba su jin tsoronsa, ba su kuma ganin girmansa. Hayaniya da cin zali suka yi yawa, karatu ya yi baya. Iyaye suka farga cewa kuɗi su ke biya yara na koya wa 'ya'yansu, suka shiga janye su. Sa'ad da Russell ya bar aiki a 1832, ɗalibai 137 suka rage. Thackeray, mashahurin marubucin nan wanda ya shiga makarantar a 1822, daga baya ya riƙa kiranta Mayanka cikin labarunsa.

Dabara guda ce mutanen nan biyu suka ɗauka. Pillans ya sa monita don ko wane yaro ya sami ƙarin lokacin karatu a ƙarƙashin idon malami, Russell kuwa ya sa shi don a rage yawan malamai. Nan ne hanyoyinsu suka rabu.

Faɗuwar tsarin

Abin da ya sami Charterhouse shi ya sami sauran makarantu daga baya. Bayan 1839 gwamnatin Ingila ta fara aika sufetoci su duba makarantun da ke cin kuɗinta. Abin da suka tarar bai yi daɗi ba. Monitoci da yawa 'yan shekara goma ne ko goma sha ɗaya, domin talaka ba ya barin ɗansa a makaranta in ya isa aikin masaƙa. Yaro ya kan karanta shafi guda ba tuntuɓe, amma in aka tambaye shi ma'anar abin da ya karanta sai ya yi shiru, monitansa ma haka. Abin da monita ya haddace da safe shi ya ke zubarwa da hantsi, in aka yi masa tambayar da ba ta cikin takarda ba shi da amsa. Iyayen monitoci kuma suka fara gunaguni, suna cewa sun aiko 'ya'yansu su koya ne, ga shi an mai da su ma'aikata ba lada. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Wanda ya kawo gyara shi ne James Kay-Shuttleworth, sakataren hukumar ilmi, wanda ya ga yadda a ke yi a ƙasar Holan. A 1846 aka fito da tsarin malamai 'yan koyo. Yaro mai ƙoƙari ɗan shekara 13 a kan ɗauke shi koyon aiki na shekara biyar a hannun hedimasta. Ana biyansa fam 10 a shekarar fari, yana ƙaruwa har fam 20 a ta ƙarshe. Da rana ya koyar, hedimasta kuma wajibi ne ya keɓe masa sa'a ɗaya da rabi ko wace rana ya ƙara masa nasa karatun. Ko wace shekara sufeto ya jarraba shi, in ya gama da kyau ya nemi sukolashif zuwa kwalejin horon malamai. Watau an riƙe amfanin tsohon tsari, an toshe ɓarakarsa: an ƙara wa mai koyarwa shekaru, an ba shi lada, an kuma tsare nasa ilmin. Wannan tsari ne Turawa da 'yan mishan suka kawo Saliyo da Gana da Nijeriya, inda malamai da yawa na zamanin mulkin mallaka suka fara aiki suna 'yan koyo. A New York an daina tsarin monita wajen 1853, a Faransa ma ya shuɗe. A Ingila kuwa, da makarantun sakandare na gwamnati suka yawaita bayan dokar 1902, tsarin 'yan koyo ma ya fara ja da baya. Sunan monita ya wanzu, amma koyarwa ta fita daga hannunsa.

Komowarsa da wata kama

Shekara fiye da ɗari bayan mutuwar Lancaster, a birnin da ya mutu, aka sake tono dabarar. A 1963 wata ƙungiyar taimakon matasa ta New York ta ɗauki 'yan sakandare daga unguwannin matalauta, ta horar da su, tana biyansu ɗan lada, su zauna da yaran firamare da karatu ya yi wa wuya bayan an tashi makaranta. Mutum ɗaya da yaro ɗaya ne, na sa'o'i kaɗan a mako, ga kuma ƙwararren malami yana lura. Wani masani, Robert Cloward, ya auna sakamakon ya buga a 1967. Yaran da aka koya wa sun ƙaru. Amma abin da ya ba kowa mamaki shi ne masu koyarwar sun fi su ƙaruwa, domin cikin wata bakwai ci gabansu a karatu ya ninka na tsaransu waɗanda ba su koyar da kowa ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda zai bayyana wa wani abu dole ya sake bi ta kansa, ya gano inda shi ma bai gane ba, ya nemi kalmomin da za su shiga kunnen ɗan'uwansa. Wanda a ke koya wa kuma ba ya jin kunyar ce wa tsaransa bai gane ba, abin da da wuya ya faɗa wa malami gaban mutum sittin. A 1982 waɗansu masana uku a Amurka suka tattara bincike 65 da aka yi kan wannan al'amari, suka ga mai koyarwa da mai koyo duka suna amfana, amfanin kuwa ya fi yawa inda aka tsara aikin sosai. A Jamus kuma, tun farkon shekarun 1980, wani malamin Faransanci mai suna Jean-Pol Martin ya riƙa raba wa 'yan sakandarensa sassan sabon darasi, kowa ya shirya nasa ya koya wa aji, shi kuwa yana zaune yana gyara. Malamai da yawa a ƙasar suka bi sawunsa.

Tun daga mu'idin Bagadaza har zuwa samarin New York, wuraren da ɗalibi ya amfani ɗan'uwansa sun yi tarayya cikin abu uku: akwai malami na gaske a kusa, an koya wa mai koyarwar yadda zai yi, ba a kuma bar nasa karatun ya lalace ba. Inda aka rasa waɗannan, kamar Charterhouse da makarantun yara dubu, abin ya yi tashe na ɗan lokaci sa'an nan ya rushe. A yau makarantun sakandare da yawa a Nijeriya da Nijar suna fama da cunkoso irin wanda ya sa Lancaster neman dabara, ɗalibai kuwa da kansu su kan haɗu da maraice, wanda ya iya lissafi ya ja sauran kafin jarrabawa. Hedimastan da ya tsara wannan, ya sa malami bisansa, zai sami abin da Pillans ya samu. Hukumar da ta ga dama ce ta ƙin ɗaukar malamai kuwa, ya kamata ta tuna cewa an gwada haka a 1811, ba a kuwa ji daɗin ƙarshensa ba.